Gulbin da Muka Haƙa a Bayan Aji

Shekarar da na gama kwalejin horar da malamai ban samu aikin gwamnati ba, sai na karɓi koyarwa a wata makarantar kuɗi a Illo, a jihar Kebbi kusa da iyakar Benin. Mai makarantar wani Alhaji ne ɗan kasuwa, da ke kai albasa Benin ya dawo da atamfa. Bai taɓa koyar da kowa komai ba, amma ya gina azuzuwa shida, ya shafa musu fenti shuɗi, ya sa aka rubuta sunan makarantar da Turanci a jikin katanga. Ni aka ba ajin ƙanana, 'yan shekara huɗu zuwa biyar, saboda ni ce sabuwa, kuma babu malamin da ke son ajin.

Ranar farko Alhaji da kansa ya raka ni. Ya nuna mini allo, ya nuna mini tsumagiyar da ke kan tebur, ya ce, "Malama, aikinki guda na. Yaro ya koma gida shina Turanci, uwatai ta ji. Shi ke nan."

Haka na soma. Ina faɗa suna maimaitawa, tun daga bakwai da rabi har rana ta take. Yara talatin da wani abu a kan bencin da aka yi domin manya, ƙafafunsu na reto ba su kai ƙasa ba. Wasunsu Dandanci suke ji a gida, wasu Fulatanci, wasu Hausa, akwai ma biyu da iyayensu suka ƙetaro daga Benin suna haɗawa da Faransanci. Duk na tara su ina sa su ihun kalmomin da ba su san kansu ba balle gindinsu. Kafin sha ɗaya rabin ajin ya yi barci, bakinsu a buɗe, ƙudaje na bin su. A kwaleji an koya mana cewa yaro ƙarami da hannunsa yake koyo, an ba mu jarrabawa a kan haka, na ci da maki mai kyau. Ga ni kuma tsaye da tsumagiya ina bugun tebur don in tashe su.

Akwai wata yarinya Bafulatana da ke zama a ƙarshen benci na baya. Kakarta ce ta kawo ta, tsohuwar da ke sayar da fura da nono a bakin ƙofar makaranta. Rugarsu na can bayan gari, kullum tare suke zuwa, tare suke komawa. Wata biyu yarinyar nan tana ajina ban ji muryarta ba. Ba ta kuka, ba ta faɗa, ba ta neman fita fitsari. Idan na yi mata magana sai ta kalli yatsun ƙafarta. Malaman sauran azuzuwa suka yanke cewa kurma ce, Alhaji kuwa cewa ya yi a ƙyale ta, tunda ba ta damun kowa.

Ruwan farko na wannan shekarar da safe ya sauka, mai ƙarfi. Da ya ɗauke, ruwan da ya zubo daga kwanon ajinmu ya yanki hanya ta bayan aji yana gangarawa gindin wata darbejiya. Lokacin tara na fito na tarar da yara sun yi cincirindo a wurin suna gardama. Wani ya jefa guntun karan dawa ya tafi a saman ruwa, wata ta jefa tsakuwa ta nutse. Ɗaya ya ce karan ya iya iyo ne. Wata ta ce ai don tsakuwar ƙarama ce. Sai wani ya ɗauko ƙaton dutse ya jefa, shi ma ya nutse, ya fantsama musu ruwa, suka kwashe da dariya. Ban taɓa jin sun yi magana da juna haka ba. Aka kaɗa ƙararrawa, na ga ba zan iya mayar da su kan bencin nan ba. Na ce kowa ya nemo abu guda, mu gani ko zai nutse.

Daga nan abin ya faro. Ban nemi izinin kowa ba, kuma na san da na nema ba za a ba ni ba. Na raba yinin biyu, da safe mu yi ihun da Alhaji ke son ji daga ofis, bayan tara mu zagaya bayan aji, inda katangar ɗakin ajiya ta kare mu. Da ruwan ya ƙafe yaran suka ce mu haƙa namu gulbin. Muka haƙa da sakaina da murafan gwangwani, tsawonsa ya kai taku goma sha biyu, muka daɓe cikinsa da laka don kada ya shanye ruwa. Kowace safiya yara huɗu ne ke da aikin cika shi daga rijiyar burtsatse, kuma su da kansu suka tsara wa ke bin wa, har suka riƙa ƙirga bokiti da Hausa da Turanci don kada wani ya yi ƙwange. Suka yi jirage da kara, da ɓawon kwakwa, da fasasshiyar ƙwarya. Wani yaro ɗan Sarkawa masunta ya ce duk jiragenmu banza ne, ba su da baki. Na ce to ya kawo mana wanda ya iya. Washegari sai ga kakansa, dattijo mai farin gemu, ya zauna a gindin darbejiya ya sassaƙa musu ɗan kwalekwale da wuƙa, yana nuna musu yadda ake toshe tsaga da tsumma da kwalta. Da zai tafi ya ce mini tun da jikansa ya shiga boko wannan ne karon farko da aka tambaye shi wani abu.

A mako na biyu suka soma gina mutane da dabbobi da laka, don jirgi ba ya tafiya babu fasinja. Yawancinsu abin da suke murzawa ba ka bambance akuya da kare. Sai na lura da yarinyar nan ta bencin baya, ta ja gefe, ta jera shanu biyar a gabanta. Kowace da tozonta, da lallausan wuyanta, da ƙahoni masu lanƙwasa kamar na farin shanun da ke wucewa ta bayan gari. Ɗaya har da ɗan maraƙi a gindinta. Yara suka taru suna kallo. Wani ya miƙa hannu ya ɗauki saniya guda ya ɗora a kan jirgin kara.

"Nagge ba ta shiga jirgi," in ji yarinyar.

Na waiwaya ina neman wanda ya yi magana. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, mai ɗan kauri. Ta karɓe saniyarta, ta ce shanu iyo suke yi, babban bijimi ne ke shiga gaba, babanta ya riƙe wutsiyarsa, sauran su biyo. Maruƙa ƙanana kaɗai ake ɗaure wa ƙafa a sa a jirgi. Ta faɗi rabin wannan da Hausa, rabi da Fulatanci, wata yarinya tana fassara mana. Don ta nuna mana sai ta tura saniyar cikin ruwa. Muna kallo ƙahonin suka saki, wuyan ya karye, saniya ta koma taɓo.

Na zaci za ta yi kuka. Sai ta tsuguna tana kallon wurin, can ta ce, "A sake wata."

Kwana goma cur ajin nan ba shi da wata damuwa sai yadda za a yi shanun laka su ƙetare gulbi ba su narke ba. Suka shanya su a rana kwana biyu, suka narke. Suka shafa musu man gyaɗa, suka ɗan jima sannan suka narke. Wani ya naɗe tasa da leda, aka ce wannan ba saniya ba ce, ƙunshin goro ne. Kowane gwaji muna zana shi a jikin wani kwali, da alamar wanda ya yi da wanda bai yi ba, kuma a nan ne da yawansu suka soma rubuta harafin farko na sunansu, don kowa na so a san dabarar wa ce. Daga ƙarshe yarinyar ta jawo kakarta daga bakin ƙofa. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar nono, ta ɗauki saniya guda ta juya ta, ta ce, "Malama, tulu mi ka hana shi narkewa? Wuta ta. Ku kai ma masu tukwane."

Uwar ɗaya daga cikin yaran maginiya ce. Ta yarda ta sa mana shanunmu cikin tukwanenta ranar da za ta yi gashi. Ranar Alhamis na karɓo su a cikin kwali, sun yi ja, idan ka ƙwanƙwasa suna ƙara. Biyu sun fashe, saura goma sha tara. Yara suka so a gwada nan take, amma an kusa tashi, Jumma'a kuma rabin yini ce. Na ce a bari sai Litinin, mu cika gulbi sosai, mu kira dattijon nan da kakar yarinya da maginiya su gani. Muka jera shanun a bakin gulbin, muka kifa musu tsohon baho. Wannan jinkirin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Litinin da na shigo makaranta sai na ga sawun tifa daga ƙofa ya zagaya bayan aji. Na bi sawun. An zuba yashi, an baje, an daddaɓe tun daga katangar ɗakin ajiya har gindin darbejiya. Babu gulbi, babu jirage, kwalin da muke zane a jiki yana cikin juji ruwa ya jiƙa shi. Bahon na gefe a lotse. Na tona yashin da hannuna, na samu jajayen gutsattsari, guntun ƙaho, rabin tozo. Taya ta bi ta kansu kafin a zuba yashin.

Ban tsaya ajiye jakata ba na nufi ofis. Alhaji na zaune yana waya game da wata motar albasa da aka tsare masa a kan iyaka. Na tsaya har ya gama.

"Alhaji, wa ya sa anka rufe wurin da yarana ke aiki?"

"Aiki?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Wasan taɓon nan? Ni na sa. Nan za a kafa rumfar bikin yaye ɗalibai. Manyan baƙi za su zo daga Bagudo, kina so su hwaɗa rami?"

"Da an gaya mini, da na kwashe musu kayansu. Wata guda suna yi."

"Wata guda," in ji shi. "To kin hwaɗi da bakinki. Wata guda uwaye suna kawo mini ƙara, yara na komawa gida da yunifom kamar sun fito daga fadama. Wani uba ya ce in taɓo shika so ɗanai ya koya, da gonar shinkafa zai kai shi. Na yi shiru don ke yarinya ta, na ce za ki gaji ki bari."

Na ce masa yaran da ba su iya ƙirga biyar ba yanzu suna ƙirga ashirin. Na ce masa yarinyar da malamai suka ce kurma ce ta yi magana. Ya ce madalla, to sai ta yi magana ranar biki a gaban baƙi, a ga aikina. Ya jawo wata takarda ya miƙo mini. Jawabi ne da Turanci, layi shida, na godiya ga mai makaranta, wai kowane yaro a ajina zai haddace ya faɗa sanye da rigar digiri da hula mai tuntu.

Na ce, "Alhaji, ko kai ba ka san ma'anar abin da ke cikin takardar ga ba."

Ya ajiye tabarau. Ya ce ƙofa a buɗe take, masu satifiket irin nawa sun fi albasa yawa a Kebbi. Sannan ya ɗauki wayarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ko mugunta bai yi da niyya ba. Da ya tsani yaran ne ya rushe musu, da na san da wa nake faɗa. Shi dai ya leƙa bayan aji ya ga rami da tarkace, ya kira direban tifa. Bai ɗaga bahon ya ga me ke ƙasa ba. A wurinsa abin da yaro ɗan shekara huɗu ya yi da hannunsa bai kai a tambayi na wa ne ba.

Yaran suka iso suka ruga bayan aji kamar kullum, suka tsaya cirko-cirko a kan yashi. Ɗan Sarkawan nan ya tambaye ni ko gulbin ƙafewa ya yi. Wasu suka soma tono na hana su, don Alhaji na tsaye a baranda. Dattijo ya zo da ƙarfe goma kamar yadda muka yi, da sabuwar hula a kansa, na tare shi a ƙofa na ba shi haƙuri ya koma. Yarinyar kuwa ta tsinci guntun ƙaho ɗaya, ta duba, ta yar, ta shiga aji ta zauna a ƙarshen bencinta.

Na so in ajiye aikin a ranar, ban ajiye ba. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri zuwa ƙarshen zango, kada a ce 'yarta ba ta riƙe aiki. Na zauna, na shiga koya musu jawabin. Mako uku muna abu ɗaya, safe da rana. Kullum Alhaji zai leƙo ya tsaya a taga, ya nuna yaro da baki, yaron ya miƙe ya faɗa. Na daina dariya a ajin, tsumagiyar da na jefa bayan kabad na ɗauko ta na mayar kan tebur.

Saura kwana huɗu biki ya leƙo ya nuna yarinyar. "Wannan da kinka ce ta yi magana. Mu ji."

Na ce ta tashi, ta tashi. Na faɗi layin farko na ce ta maimaita. Ta kalli yatsun ƙafarta. Na sake faɗa, na sassauta murya, na kira ta da ɗiyata. Shiru. Alhaji ya yi 'yar dariya ta hanci ya ce, "Ashe sai cikin taɓo bakinta ka buɗewa," ya wuce.

Ban san lokacin da na ɗauki tsumagiyar ba. Na ce ta miƙo hannu, ta miƙo, na zuba mata uku a tafin hannu da duk ƙarfina. Hannun nan da ya gina shanun. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma janye hannun ba, ta bar shi a miƙe tana jiran na huɗu. Duk fushin da na kwana da shi mako uku, wanda ban iya sauke wa mai gemu da mota ba, a kan yarinya 'yar shekara biyar na sauke shi, don ita ce ba za ta iya korata daga aiki ba.

Washegari kakarta ba ta kafa ƙwaryarta a bakin ƙofa ba. Ta shigo har ƙofar ajina ita kaɗai, ta yi sallama, na fito. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, na ga hannun. Mu ma muna bugun yaro in ya saki maraƙi ya shiga gonar mutane. Ita mi ta ɓata?"

Na soma kawo zancen biki da jawabi da Alhaji.

Ta ce, "Ni ban san Alhaji ba, ke na sani. Ubanta bai so a kawo ta ba, ni na matsa. Ran da ta gina shanun ga, har gida ta riƙa ba mu labarinki, na ce ma ubanta ka gani. Yanzu mi zan ce mai?"

Ta nemi 'yar robar ruwan yarinyar da ta manta a aji, na ɗauko mata, ta tafi. Ban ce ta yafe mini ba. Ina ganin idan na faɗa a gaban yara girmana zai zube.

Aka yi biki a kan yashin nan. Yarana suka fito cikin rigunan da ke jan ƙasa, gumi na zuba daga ƙarƙashin hulunansu, suka yi ihun layi shidan nan tare, ba wanda ya ji kalma ɗaya. Iyaye suka ɗaga waya suna ɗauka. Wani babban baƙo ya miƙe ya ce ko a birni sai haka. Aka kira ni aka ba ni kyautar faranti a matsayin malamar da ta fi ƙoƙari, na karɓa, har na rusuna.

Duk hutun nan ina cewa gobe zan je rugar, gobe ba ta zo ba. Kunya ta riƙe ni, sai na fake da ruwa da lalacewar hanya. Aka koma makaranta, aka kawo mini sababbin yara, na ci gaba da faɗa suna maimaitawa. Sai bayan an gama yankan shinkafa na tara ƙarfin hali, wata Asabar na sayi sabulu da 'yan kunne na yara, na hau acaɓa. Muka bi ta bayan gari, muka ratsa gonakin da aka girbe, har muka isa inda aka kwatanta mini. Babu bukka ko ɗaya a tsaye, sai da'irorin ƙasa inda suka kasance, da turaku, da busasshen kashin shanu. Wata mata da ke kalar dawa a kusa ta ce sun tashi kwana tara da suka wuce, sun yi Benin da dabbobinsu kamar yadda suke yi duk rani. Na tambaye ta ko suna dawowa nan ɗin. Ta ce wasu shekarun suna dawowa, bana dai mai gonar da suka zauna a ciki ya ce zai nome wurin.

Na ba matar sabulun, don na rasa yadda zan koma da shi gida. Ranar Litinin na rubuta takardar barin aiki na kai ofis. Alhaji ya karanta, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, ya tambaye ni ko na bar mabuɗin kabad. Kafin Laraba ya ɗauki wata yarinya da ta gama sakandare a wannan shekarar ya ba ta ajin.